Ɓarawon Ruwan Jego

Daga alƙalamin 'Yar Kwandiko

Shafi na 17

Jama'a ku sassauta min, kwana uku unguwarmu ba wuta, wayata ta koma 'yar gidan mai caji. Masu cewa na cika tausaya wa Munzali, ku karanta na yau tukuna sannan ku zo mu yi ta. Wanda kuma yanzu ya shigo: yau ne sunan 'yar fari ta Bara'atu da mijinta Munzali, direban bas ɗin Gwaram zuwa Birnin Kudu, kuma abin da Bara'atu ta shekara uku tana rufewa ya fara leƙowa.

*

Guɗar ma a maƙogwaron Inna Turai ta maƙale.

Daga ƙofar gida muryar sanƙira ce ke tashi, yana ta nanatawa:

"An raɗa wa yarinya suna Munawwara! Munawwara! Allah Ya raya, Allah Ya yi mata albarka!"

Matan tsakar gida suka ɗauki guɗa. Inna Turai kuwa ta saki ludayi a cikin kunun kanwa, ta nufi ɗakin mai jego, ta tura ƙofa da ƙafa.

Bara'atu na zaune a bakin gado cikin atamfar fitar suna, hannu ya sha lalle, ido ya sha kwalli. Kana ganinta ka san ita ma ta ji.

"Ke," in ji Inna ƙasa-ƙasa, "kunnena ne ya tsufa, ko Munawwara na ji?"

"Ni ma haka na ji, Inna."

"To wace ce Munawwara? A danginmu take ko a nasu?"



Inna Turai ƙanwar mahaifiyar Bara'atu ce. Ita ta taso daga Birnin Kudu don yi mata wankan jego, saboda Bara'atu ta ƙi komawa gida wankan fari, ta kawo dalili ya fi goma, ba ko ɗaya na gaskiya. Kuma a gaban Innar aka yi huɗuba ranar haihuwa. Munzali ya karɓi jaririya, ya kara bakinsa a kunnenta, ya yi kiran salla, ya ce Ummukulsum. Sunan marigayiya Kaltume ke nan, uwar Bara'atu. Inna Turai da ma ba a ba ta ajiyar magana. Ko awa ba a yi ba ta buga wa Malam Iliyasu, baban Bara'atu, waya ta yi masa albishir an yi wa matarsa takwara. Dattijon nan sai da muryarsa ta karye a waya. Ragon da ya shekara yana kiwo ya sa aka ɗaure a bayan mota, ya taho da shi tun da sassafe.

Ga shi yanzu an yanka ragon da sunan da ba wanda ya san daga ina ya fito.

"Wataƙila shawara ya sake," Bara'atu ta ce, idonta a ƙasa.

"Shawara? Mutum ya sake shawara a kan sunan surukarsa da ke kwance a kabari, bai gaya wa kowa ba? Bara'atu, ni fa ba jiya aka haife ni ba. Akwai abin da kuke dafawa a gidan nan."

Kafin ta amsa sai hayaniyar tsakar gida ta ɗauke ɗif. Sallamar namiji suka ji, muryar da Bara'atu ta sani tun kafin ta san sunanta.

Babanta ne. Tun da aka kawo ta Gwaram bai taɓa wuce zaure ba, yau ga shi har bakin ɗakinta. A bayansa Munzali ne, kai a sunkuye.

Ku da kuka san Munzali a shafukan farko, mai ƙirji, mai fara'a, wanda 'yan matan tasha ke rububin kujerar gaba saboda shi, yau ba za ku gane shi ba. Sabuwar shaddarsa ta zauna masa kamar an rataye ta a ƙusa. Leɓe ya yi baƙi, ido ja, gumi na bin wuyansa alhali rana ba ta ko yi zafi ba.

Malam Iliyasu ya zauna a kujera. Munzali ya durƙusa daga bakin ƙofa. Bara'atu ta sulale daga gado zuwa ƙasa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ko inda jaririyar take ba ta kalla ba, kun san kunyar ɗan fari a gaban uba.

"Turai, miƙo min ita."

Ya karɓe ta, ya tofa mata addu'a, ya daɗe yana kallon fuskarta. Sannan ya ce:

"Munawwara suna ne mai kyau. Ban shigo rigimar suna ba, Munzali. 'Yarka ce, kai ke da iko. Tambaya ɗaya gare ni. Sunan wa ta ci?"

"Baba... suna ne kawai."

"Ina kallonka lokacin da yayanka Badamasi ya sunkuyo ya tambaye ka sunan da zai gaya wa Liman. Sau uku ya tambaye ka. Ka buɗe baki ka rufe. Ka yi dariya ba wanda ya ba ka dariya. Daga nan ka ɗaga kai ka dubi titi, sai ka faɗi suna. Ni ma sai na dubi inda ka duba."

Munzali ya ƙara sunkuyar da kai.

"Wata farar bas ce a jikin katanga. An rubuta mata Madinatul Munawwara a gilashin baya."

"Innalillahi!" Inna Turai ta dafe ƙirji. "A bayan mota? A bayan mota ka samo wa jikar Yaya Kaltume suna?"

Bara'atu ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige.

"Ɓace min ya yi, Baba," Munzali ya ce. "Wallahi yana bakina, na neme shi na rasa. Ga mutane duk sun zuba min ido. Na ji kamar maganata suke yi, kamar dariya suke min. Na ce in ban faɗi wani abu ba..."

"Da ma na faɗa!" Inna ta katse shi. "Malam, yaron nan jifansa aka yi. In ba jifa ba to iska ce. Bari in gaya maka abin da na yi kwana biyu ina haɗiyewa."

"Inna, don Allah..." in ji Bara'atu.

"Rufe min baki. Malam, kullum da asuba nake ɗora tukunya biyu da ganyen darbejiya, ruwa ya tafasa har yana tsalle. In juya in dama kunu, in dawo, ruwa ya koma rabi. Na ce to ko tukunyar ce ke yoyo. Na duba, ba ta yoyo. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Shekaranjiya na laɓe a bayan kicin. Ka san wa na kama?"

Ta nuna Munzali da baki.

"Shi. Ya gama sheƙa amai a bakin rariya kamar zai amayar da hanjinsa, ya taso yana dafa bango da bokiti a hannu. Kuma ka san wa ke ɗiba masa? Wannan. Ita da hannunta take kamfatar ruwan jegonta tana zuba masa. Ya shiga banɗaki ya yi ta kwarara wa jikinsa, ba ya fitowa sai ruwan ya ƙare. Ita kuma ta sirka ragowar da na sanyi ta yi wankan, ta fito tana ce min ta gasu. Namiji da wankan jego! Ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa gani ba."

Wallahi 'yan uwa, ni mai rubutun nan sai da na ji kunyar ta kama ni.

Malam Iliyasu bai yi salati ba, bai kuma yi faɗa ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana malamin asibiti kafin ya ajiye aiki, kuma tun da Inna ta ambaci ruwan zafi fuskarsa ta sauya. Ya miƙa mata jaririyar, ya gyara zama.

"Munzali, aman nan da safe ya fi zuwa?"

"E, Baba."

"Ya yi kwana uku, huɗu, ya tafi, bayan 'yan makonni ya dawo?"

"Haka ne."

"Ka sha maganin amai bai yi maka komai ba, sai ka watsa ruwa mai zafin gaske cikin ya lafa?"

Munzali ya ɗago da mamaki. "Ƙwarai kuwa."

"Olsa ce, Baba," Bara'atu ta yi caraf. "Mai kemis ya ce olsa ce, ba ya cin abinci a kan lokaci saboda lodi."

"Ban zo kanki ba tukuna."

Ya juya ga Inna.

"Turai, ba jifa ba ne, ba kuma iska ba. Na ga samari irin haka a ɗakin jinya. A ɗauki hoton ciki, a auna jini, a ƙara musu ruwa, ba a ga komai ba. Kullum suna hanyar banɗaki neman ruwan zafi. Ba a gane kansu sai an zaunar da su an tambaye su abin da suke zuƙa."

Ya dubi surukinsa ido cikin ido.

"Shekara nawa ka yi kana shan wiwi?"

Kamar an taka wutsiyar maciji, haka Munzali ya zabura.

"Wa ya gaya maka? Badamasi ne ko? Ko 'yan tasha? Da ma na san sun haɗa min kai! Tun watan jiya nake ganinsu suna ƙus-ƙus, in na zo su yi shiru. So suke a karɓe min layi! Har motar nan ma da gangan suka ajiye ta a wurin!"

"Kai! A gaban surukinka kake ɗaga murya?" in ji Inna.

Tari ne ya amsa mata. Ya turnuƙe shi har ya dafa ƙasa da hannu biyu, ƙirjinsa na ƙara kamar tsohon injin markaɗe. Bara'atu ta miƙa hannu za ta ɗauko masa ruwa, ta tuna gaban wa take, ta mayar da hannun cikin mayafi.

Sai da tarin ya lafa Malam Iliyasu ya yi magana, a hankali, kamar mai lallashin yaro ya sha magani.

"Ba wanda ya gaya min, jikinka ne ya faɗa. Kuma ban shigo don in tozarta ka ba, shi ya sa na baro mutane a waje. Wannan ciwo ne, ana jinyarsa. Motar da ta kawo ni tana ƙofar gida. Mu je Birnin Kudu yau, akwai likitocin da suka san kan abin, wasunsu a gabana suka koyi aiki. In ka daina, aman nan zai bar ka. Mantuwar ma da yardar Allah za ta ragu. Abin da ya fi tsorata ni shi ne zargin nan da kake wa mutane, don na ga waɗanda ya yi wa nisa, ba duka ne suka dawo daidai ba. Ga rayukan bayin Allah da kake cika mota da su kullum. Yau sunan 'yarka ka manta, Munzali. Gobe fa, a kan titi?"

Sannan ya ƙara da cewa:

"Amma ba a jinyar wanda ya ce lafiyarsa ƙalau. Kalma ɗaya nake so ka faɗa da bakinka."

Munzali ya share gumi da hannun riga.

"Ni ba na sha, Baba. Sigari ce kawai, ita ma jefi-jefi."

Malam Iliyasu ya girgiza kai. Sannan ya juya.

"Bara'atu."

"Na'am, Baba."

"Shekara uku da suka wuce, a zaurena, kwana biyu kafin in karɓi gaisuwarsu, na kira ki. Na ce miki na ji ƙishin-ƙishin a kan yaron nan. Kin tuna abin da kika ce min?"

Ina za ta manta? Ko a salla abin na faɗo mata.

"Na rantse maka, Baba."

"Kin ce wallahi sharrin maƙiya ne. Na ce 'yar Kaltume ba za ta rantse min a kan ƙarya ba, na rufe bincike. Yau zan sake tambayarki. Ban ce ki rantse ba."

Hawaye suka ɓalle mata, kwallin ya biyo kumatu.

Ta sani tun ranar. Tun suna zance ta ji warin a jikin rigarsa, ya durƙusa mata ya ce daga an ɗaura aure ya daina, ita kuma so ya rufe mata ido ta je ta rantse wa ubanta. Daga nan ƙarya ta yi ta haihuwar ƙarya. Turaren wutan da maƙwabta ke yabon ɗakinta da shi, ba don gayu take kunna shi safe da yamma ba. Ramarsa ta ce wahalar hanya ce. Ranar da ya manta ya baro ta a kasuwar Gwaram da cikin wata takwas, cewa ta yi ita ta ce ya tafi. Wankan gida ma don wannan ta ƙi zuwa, ta san in ta yi kwana arba'in ba ta nan asiri ya gama tonuwa.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan na yau.

Washegarin haihuwa Munzali ya yi kuka ya ce ya daina, saboda Ummi. Haka suke kiran jaririyar a ɓoye, tunda sunan uwa ta ci. Ya tattaro sauran ƙullin da yake da shi ya danƙa wa Bara'atu ya ce ta ƙona. Ba ta ƙona ba, ta ji tsoron warin ya kai hancin Inna, sai ta ɓoye. Ya yi kwana biyu ba barci, ba cin abinci, gumi kamar an tsamo shi a rijiya, magana kaɗan ya hau faɗa. A na uku ya dawo yana roƙonta, ta ba shi. Yau da safe ma, da ta ga hannunsa na karkarwa ya kasa sa maɓallin riga, ga baƙi sun cika ƙofar gida, ita ta ɗauko ƙullin ta miƙa masa, ta ce ya je bayan gida ya yi sauri, don dai ya iya tsayuwa a gaban mutane.

Ya tsaya ɗin kuwa. Sunan uwarta ne ya tafi.

Ta miƙe a hankali, ta nufi jeren kwanukanta. A can sama akwai wata tsohuwar langa mai zanen jan fure, bakin murfinta ya ɗan ɓare. Ta sauko da ita.

"Langar Yaya Kaltume ce wannan," Inna ta ce. "Me za ki yi da ita?"

"Na san ko ƙura ba za ki taɓa share mata ba, Inna, saboda kuka take sa ki. Shi ya sa na zaɓe ta."

Inna Turai ta toshe baki da gefen zani.

Bara'atu ta durƙusa ta ajiye langar a gaban babanta. Munzali ya yunƙuro a kan gwiwoyinsa, idanunsa sun firfito.

"Bara'atu, kar ki yi min haka. Yau suna. Mutane na waje."

Ba ta kalle shi ba.

"Bara'atu! Ke ma da ke a cikinsu? Ke ma sun saye ki?"

Ta ɗora hannu a kan murfin.

"Wallahi in kika buɗe langar nan a gaban Baba, a bakin aurenki!"

"La'ilaha illallahu!" Inna ta zube a bakin gado da jaririya a hannu. Shi kansa Munzali da maganar ta fita sai ya dafe bakinsa, amma ta riga ta fita.

Malam Iliyasu ya runtse ido, ya buɗe.

"Ɗauke hannunki, 'yata. Ba sai kin buɗe ba. Na gane, na kuma yafe miki rantsuwar. Ki nemi gafarar Allah kawai. Mayar da ita inda take."

Ga hanya an ba ta. Ta mayar da langa sama, aure na nan, a fita a ci tuwon suna, yamma ta yi a yi rawa. Zuciyarta har ta fara karkata.

Sai Munzali ya sauke ajiyar zuciya, ya yi 'yar dariyar nan tasa da ba ta da dalili.

"Ka gani ko, Baba? Da ma ba komai a ciki. Kanwa ce take ajiyewa. Olsa ce ke damuna, gobe ma ina da lodin safe."

Bara'atu ta ɗago. Karo na farko a gaban ubanta ta ajiye kunya, ta dubi 'yarta, sannan ta dubi mijinta, ta dubi wuyan nan da ya zama kamar na tulu, da hannun da har yanzu bai bar rawa ba.

"Baban Ummi," ta ce, "shekara uku ina rufa maka asiri, ina cewa so ne. Na yi wa ubana ƙarya, na ba ka ruwan wankana, na ba ka abin da ya cinye sunan uwata da hannuna. Kullum ƙara ƙarewa kake, ni kuma ina kunna turare. Gara ka warke ba na gidanka, da a kawo min gawarka a bayan mota ina matarka."

"Bara'atu..."

"Baba, ka tambaye ni. Ga amsarka."

Ta ɗaga murfin.